Aiki na Tara

A layin masu gyara, tsakanin mai ɗinkin kujerun mota da mai cajin batir, akwai wani shago da ba ya buƙatar allon talla, domin matattun firji biyar da ke jingine a ƙofarsa sun isa su faɗa wa mutum sana'ar mai wurin. Abokan ciniki suna kiransa Mai Firji. A gida kuwa Auta ne, kuma da alama da sunan Auta zai tsufa, ko da yake ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya uku, furfura ta fara leƙowa ta gefen kunnensa.

Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Yakan ɗora tafinsa a bayan firji, ya karkatar da kai kamar mai satar jin gulma, ya ce gas ne ya tsiyaye ko kwamfireso ce ta gaji, kuma in aka buɗe haka za a tarar. Aibinsa ɗaya ne, Auta ba ya karatu. Ba wai bai iya ba, ya yi makaranta, rubutun hannunsa ma ya fi na malamai da yawa kyau. Ƙyuya ce kawai irin ta wanda hannunsa ya shagwaɓa shi. Littafin bayanin da ke zuwa cikin kwalin sabon inji, da shi yake tokare ƙafar tebur. In matarsa ta turo masa dogon saƙo a waya, layin farko da na ƙarshe yake dubawa ya cike tsakiyar da hasashe, shi ya sa ya taɓa yin tsayuwar awa guda a ƙofar makaranta yana jiran 'yarsa da tuni tana gida. In an yi masa magana sai ya ce inji da kansa yake faɗin ciwonsa, takarda kuwa surutu ce.

Yayansa kuma, in wannan gabas ne to shi yamma. Shekara tara ya ba Auta. Ya yi shekara ashirin da biyar a soja, amma aikin nasa ya fi yawa da tafireta, ba da bindiga ba. Shi ne akawun rundunarsu, mai buga umarnin fita, mai karɓar jakar wasiƙu ya raba wa sojoji. Igiya biyu ya samu, a kansu ya tsaya har ya yi ritaya, don haka kowa Kofur yake ce masa, har matarsa in tana jin tsokana. Mutum ne da zai karanta rubutun jikin kwalin ashana har ƙarshe. Magana ce dai ba ta dame shi ba, in ya ce maka “to” sau biyu, ya yi doguwar hira ke nan.

Tsakanin 'yan'uwan babu faɗa, amma an daɗe babu armashi. Abin ya faro ne tun rasuwar mahaifiyarsu, Inna, shekara ashirin da biyu da suka wuce. Lokacin Auta yana da sha tara, shi kaɗai ne a gabanta, Kofur yana wani bariki mai nisa inda waya ba ta kai ba. Auta ya aika masa wasiƙa uku cikin wata guda. Biyun farko maganarsa ce. Ta ukun kuwa Inna ce ta yi ta faɗa yana rubutawa yana cije leɓe, domin abin da ta sa shi ya rubuta bai yi masa daɗi ba. Duk motsin ƙofa sai ta ɗaga kai ta tambaya ko yayansa ne. Kofur bai iso ba sai kwana shida bayan an binne ta, bayan wani direban babbar mota ya kai masa labari da baki. Ya tsaya a tsakar gida da jakarsa a kafaɗa, ya ce ko wasiƙa ɗaya ba ta same shi ba. Washegari Auta ya je gidan waya ya zazzage wa wani tsoho mai sayar da kan sarki rashin kunyar da har yau in ya tuna sai ya runtse ido. Bai zargi yayansa ba. Amma shi ya yi jinyar, shi ya ji numfashinta na ƙarshe, kuma babu wanda zai yi wannan hirar da shi. Daga nan zumuncinsu ya koma gaisuwa, ya iyali, ya aiki, sai an jima.

Wasan kwamfuta ne ya sake haɗa su, abin da da wani ya faɗa a da sai a ce ya je a duba masa kai. Surukin Kofur, mijin babbar 'yarsa, ya bar masa tsohuwar kwamfuta da wani wasan yaƙi a ciki, don ya rage zaman kashe wando. Harbe-harben bai burge Kofur ba. Abin da ya kama shi wani sashe ne na wasan inda mutum zai tsara nasa yaƙin: ya zaɓi fili, ya dasa sojoji, ya ajiye gada a nan, shingen bincike a can, sannan ya rubuta bayanin aikin da mai wasa zai karanta kafin a sake shi cikin fagen. Nan tsohon akawu ya ga gida. Ya shiga tsara ayyuka ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa, kowanne da bayani shafi uku ko huɗu. Yakan rubuta halin da ake ciki, da yanayin ƙasa, da inda abokan gaba suka laɓe, da abin da za a yi in rediyo ya mutu, har da tarihin direban mota da dalilin da ya sa ba ya son hanyar kogi.

Mai tsarawa ba ya gane kuskurensa sai wani ya gwada. Wata Asabar Auta ya zo canza robar ƙofar firjinsu, yana wanke hannu zai tafi, Kofur ya yi gyaran murya ya tambaye shi ko yana da minti goma. Ya shigar da shi ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin, mai teburin ƙarfe da kujerar roba da wata fanka da ke kuka kamar ana bin ta bashin rai. Minti goman ya zama awa uku. Tun daga ranar, duk Asabar bayan abincin rana Auta yana kan wannan kujerar, har shekara biyu. Wani aikin sai a yi wata uku ana gwada shi ana gyarawa.

To, ga inda gizo yake saƙa. Kofur yana jin kunyar a karanta rubutunsa a gabansa. Da zarar bayanin ya fito a allo, sai ya ce bari ya haɗa shayi, ya fice ya ja ƙofa, ya ba ƙaninsa minti goma cur. Shi kuwa gogan naka sai ya bar rubutun yana kallon bango, ya zaro waya ya amsa saƙonnin masu firji, ko ya share ƙasan farcensa da bakin tasta, ɗan ƙarfen gwada wutar lantarki. In ya ji cokali yana kaɗa kofi a kicin, sai ya ja rubutun zuwa ƙasa, ya tallafe haɓa, ya haɗa gira irin ta mai nazari. Ba ya buƙatar bayanin, domin wasan yana da wata 'yar kibiya rawaya da ke nuna inda za a nufa, hannun Auta kuma ga sauri. Ya bi kibiya, ya harbi duk abin da ya motsa, a gama. Kofur ya tambaye shi yadda ya ga bayanin, shi kuma ya ba da amsar da ya haddace, ya ce ya yi, Allah ya ƙara basira.

Ba a ce asirin bai taɓa leƙowa ba. A aiki na uku ya tarwatsa gadar da aka ce a tsare ta, ya ce yatsa ne ya zame. A na biyar ya buɗe wa motar majinyata wuta. Kofur ya cire tabarau ya goge, sannan ya ce laifinsa ne, bai fayyace sosai ba. Asabar ta gaba bayanin ya ƙaru da shafi guda. Auta ya ji wani abu ya ɗan soke shi a ƙirji, amma shayin da zafi, hirar da daɗi, ga shi yau yayansa yana dariya da shi, sai ya haɗiye.

Kofur yana cikin wani zaure a intanet na masu irin wannan tsare-tsare, mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Gardamar da ba ta ƙarewa a zauren ita ce ko masu wasa suna karanta bayani. Mafi yawa sun ce ba sa yi. Wani ya ce ya taɓa sakawa a tsakiyar nasa cewa duk wanda ya kai wannan layin ya turo masa saƙo, mutum ɗari uku suka sauke aikin, biyu suka turo. Wani ya ce layi huɗu ya isa, wanda ya wuce haka kansa yake yi wa rubutu. Kofur ya tsaya kai da fata. Ya rubuta musu cewa sojan da bai karanta umarni ba gawa ce mai tafiya, kuma shi yana da shaida: ƙaninsa, mai gyaran firji, ba soja ba, ba malami ba, shekara biyu bai taɓa tsallake layi ɗaya ba. Ya karanta wa Auta wannan amsar da bakinsa, yana wani ɗaga kafaɗa. Auta ya yi dariya, ya kai kofi baki don ya ɓoye fuska, shayin ya ƙona masa harshe.

Ranar aiki na tara, Kofur ya yi aski, ya sa riga mai guga kamar mai zuwa fareti. Matarsa ba ta nan. Da bayanin ya fito, Auta ya lura shafi ɗaya ne tak, har ya ji daɗi a ransa. Kofur ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wannan ya karanta shi a hankali, sannan ya fita. A daidai lokacin wata mai sayar da kifi ta dami Auta da saƙonni, firizarta ta tsaya, kaya na narkewa. Ya duƙufa yana koya mata abin da za ta duba da abin da kada ta taɓa. Bai ji ƙarar cokali ba ranar. Sai dai ya ji an turo ƙofa, ya yi maza ya kife wayar a cinya ya tallafe haɓa. Kofur ya shigo hannu rabbana, babu faranti babu kofi.

Aikin ya zo da ban mamaki. Soja ɗaya ne, babu bindiga, sai jaka a kafaɗa. Doguwar hanya, babu mota, babu abokin gaba. Auta ya yi ta bin kibiya kusan minti goma yana jiran a yi masa kwanton ɓauna, shiru. A ƙarshe ya iso wani ƙaramin gida, ƙofarsa a rufe, allo ya yi baƙi. A ransa ya ce tsufa ya fara kama Yaya, ya manta bai dasa abokan gaba ba, amma ba yau zai karya masa gwiwa ba.

Kofur yana tsaye a bayansa, ya dafa kan kujerar da hannu biyu.

“Ka karanta har ƙarshe?”

“Har ƙarshe, Yaya.”

“To me ka ce?”

“Ya yi. Allah ya ƙara basira.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan mana, Yaya.”

Sai ya ji tafin yayansa a tsakiyar kansa, abin da rabonsa da ji tun yana ɗan firamare. Kofur ya fita, aka ji famfo yana zuba a banɗaki na tsawon lokaci. Auta ya duba agogo, ya tuna mai kifi, ya yi sallama daga bakin ƙofa ya hau babur.

Asabar ta gaba matar Yaya ce ta tare shi tun a ƙofar gida. Ita da ta saba tarbarsa da tsiya, tana cewa ga mai firjin da nasa gidan ruwan zafi ake sha, yau sai ta kama yi masa addu'a. Ta ce mijinta ya gaya mata ya roƙi gafarar ƙaninsa a rubuce, kan wani abu da ya ɗauka a ransa shekara ashirin da biyu, kuma Auta ya yafe ko murya bai ɗaga ba. Ita ba ta san mene ne ba, bai faɗa mata ba, ba ta kuma tambaya ba. Abin da ta sani shi ne tun ranar mutumin nan yana cinye abincinsa, har ta ji shi yana waƙa a banɗaki. Ta ce ashe Auta ya girma ba ta sani ba.

Auta ya ce amin, amin. An rataya masa alherin da bai yi ba. Ya yafe abin da bai sani ba, ga mutumin da ya tattara duk ƙarfin halinsa ya zuba a shafi ɗaya, shi kuma yana can yana hirar kifi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, tare da tsoro, domin shekara ashirin da biyu lissafi ne da ya san inda ya faro.

Ya fara neman hanyar karantawa a ɓoye. Ya ce wa Kofur yana so ya sake buga na tara, Kofur ya yi murmushi ya ce ya cire shi daga jerin, ya gama aikinsa. Ran nan da aka fita haɗa shayi ya lalubi kwamfutar ko zai gano inda aka adana shi, bai gano ba, shi da ya san cikin firji kamar tafin hannunsa. Sau uku yana hawa babur da niyyar yau zai faɗi gaskiya. Sau uku yana tarar da yayansa cikin fara'a, yana ba shi labarin Inna, yadda take ɓoye musu sukari a gwangwanin allura, yadda take kiran sunan kowa a gidan kafin ta dace da wanda take nema. Shekara ashirin da biyu ba su ambace ta tare ba. Sai Auta ya ce wa kansa ai zalunci ne ya rushe wa bawan Allah wannan kwanciyar hankali. Mu dai mun san tsoro ne ya ari rigar tausayi, shi ma a ƙasan ransa ya sani.

Abu ɗaya ya canza. Da aiki na goma ya fito, Auta ya ajiye waya a aljihu ya karanta, tun daga layin farko. Minti goman bai ishe shi ba. Ya tarar da wani mutum a cikin rubutun da bai taɓa haɗuwa da shi ba, mai ban dariya, mai lura da ƙananan abubuwa, wanda ya san yadda takalmin soja yake cizo a rana ta uku, da yadda mutum yake kewar ƙarar tsintsiyar gidansu. Ashe duk maganar da Kofur bai yi ba a rayuwarsa nan yake zuba ta, kuma mutum ɗaya yake zuba wa. Ayyuka tara ke nan Auta ya bar ta tana zuba a ƙasa. Har saƙonnin matarsa ya koma karantawa daga farko zuwa ƙarshe, ta fara tambayarsa ko lafiya.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Wata Talata da hantsi, Auta yana tsugune bayan wani firji yana hura wutar walda, sai inuwa ta rufe masa haske. Kofur ne, wanda bai taɓa taka shagon ba. Ya gaisa da mai cajin batir, ya dubi matattun firjin ƙofa ya ce ashe nan ma akwai waɗanda suka faɗi a fagen fama. Sannan ya zaro wata 'yar leda daga aljihun gaba ya miƙa. Ya ce tunda Auta ya riga ya san komai, gara su koma hannun mai su, shi ya gaji da ganinsu a ƙasan akwati.

Auta ya kashe wutar, ya goge hannu a wando, ya buɗe ledar. Ambulan uku ne, sun yi ja don tsufa. Rubutun bayansu nasa ne, irin mai kyan nan na ɗan shekara sha tara, ga lambar Kofur, ga sunan bariki, ga hatimin gidan waya. An farke bakin ɗaya. Biyu kuwa suna nan a manne yadda ya lashe su ya rufe.

Bai san tsawon lokacin da ya yi yana kallonsu ba. Tsohon nan mai kan sarki ne ya fara faɗo masa a rai, yadda ya yi ta rantsuwa cewa duk abin da aka jefa a akwati yana tafiya. Sai kuma Inna, tana ɗaga kai duk motsin ƙofa. Da ya ɗago, Kofur yana kallonsa, murmushin yana zamewa daga fuskarsa a hankali. Labarin zuciya a tambayi fuska, tsohon akawu kuwa ya iya karatu.

“Ba ka karanta ba.”

“Ban karanta ba, Yaya.”

“Na taran kaɗai?”

Nan ma akwai ƙofar ƙarya a buɗe, Auta ya gan ta sarai.

“Ko ɗaya. Sai na goma.”

Kofur ya nemi wurin zama, ya zauna a kan wata firiza da ke kwance, ya cire tabarau ya riƙe bai goge ba. Auta ya jira faɗa, ya ma fi son a yi faɗan, domin shi ma akwai wuta a cikinsa da ke neman hanya. Amma da wane baki? Wanda ya bar wasiƙa a rufe da wanda ya bar bayani yana kallon bango, babu mai yi wa wani gori. Kofur ya miƙe, ya ce to, ya kama hanya. Da Auta ya bi bayansa da kallo sai ya ga ya tsufa, kafaɗun nan da suka miƙe kwanan nan sun koma yadda suke.

Kwana huɗu Auta yana yawo da ledar a aljihu. Ya yi fushi, ya huce, ya sake yi. Ya lalata wa wani mutum kwamfireso mai lafiya. Abin da ya fi cin sa ba wasiƙun ba ne kaɗai. Yayansa ya faɗi gaskiya sau ɗaya da ƙyar, ya ɗanɗani sauƙi na wata biyu, yanzu saboda ƙyuyar Auta sai ya sake faɗa daga farko.

Ranar Asabar ya je. Matar Yaya ta buɗe ƙofa, ba tsiya ba addu'a, ta nuna masa ɗakin da haɓa. Kofur yana zaune a kan wani kwali a gefe, kujerar robar babu kowa, bayanin aiki na tara yana kan allo. Auta ya zauna. Ya jira a fita haɗa shayi, ba a fita ba. Ya ciro wayarsa ya kashe ta ya ajiye a tebur, sannan ya fara.

“Kai kofur ne, akawun runduna. Babu abokin gaba a wannan aiki. Jakar wasiƙu ta hannunka take biyowa. Uku sun zo maka daga ƙaninka. Ka buɗe ta farko, ka ga Inna ba lafiya, ka ninke. Saura sati biyar jarrabawar ƙarin girma, kuma duk wanda ya nemi hutu cire sunansa ake yi. Ta biyu da ta uku ba ka buɗe ba, domin ka san in ka karanta dole ka tafi. Ka ce bayan jarrabawa. Ka faɗi jarrabawar. Aikinka yau ka tafi gida. Za ka tarar da ƙofa a rufe. Yaron da ka yi wa ƙarya a tsakar gida shi ne zaune gaban wannan allo. Auta, ni ne. Na kasa faɗa da baki.”

Minti biyu ya ɗauke shi. Minti biyu kacal, daga cikin goman da aka ba shi ranar. Fanka tana ta kukanta. Kofur bai tambaye shi me ya ce ba, ya dai zuba wa ƙasa ido.

“Ban sani ba ko na yafe, Yaya,” in ji Auta. “Yanzu na ji. Ka ba ni lokaci. Ni ma kuma ina da abin da zan roƙa.”

Kofur ya gyaɗa kai. Ya ce wannan amsar ta fi waccan kama da gaskiya.

Auta ya zaro ledar, ya ware ambulan na uku ya ɗora a gwiwar yayansa. Kofur ya janye hannuwansa kamar an ajiye masa garwashi, ya ce ya san abin da ke ciki, ba sai ya gani ba.

“Ba ka sani ba. Wannan ba tawa ba ce. Inna ce ta faɗa, ni rubutawa kawai na yi.”

Ya ciro tasta daga aljihun riga, ya zura bakinta a gefen ambulan ɗin, ya farke shi a hankali yadda yake ɓare tsohuwar roba, ya warware takardar ya sa masa a hannu. Kofur ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a ƙarƙashin layin farko.

Auta ba ya buƙatar leƙawa, ya san inda yatsan yake. Nan ne take gaishe shi tana tambayar ko yana cin abinci. Nan ne ta ce jikin da sauƙi, alhali ba sauƙi. Nan ne wurin da ya sa Auta cije leɓe, inda ta ce in aiki bai bar shi ba kada ya tayar da hankalinsa, ta san halin aikin soja, ko ya zo ko bai zo ba ta yafe masa duniya da lahira. Layin ƙarshe kuma ta ce ya riƙe ƙaninsa da kyau, yaro ne mai gaggawa, ba ya tsayawa ya ji ƙarshen magana.

A kicin butar shayi ta fara fito, babu wanda ya tashi. Layi shida ne duka wasiƙar. Kofur ya kai ƙarshe, ya mayar da yatsa farko, Auta kuma ya zauna yana jiransa.